Yadda Ake Lissafin Turjiya da Ƙarfin Wuta Daga Bolt da Amfiya

Duk wanda ya bi hanyar Ringim zuwa Taura, ko ya ratsa ƙauyukan Bichi da Dawakin Tofa, zai ga faifan sola a kan rufin kwano, a shagon caji, a masallaci, a bakin rijiyar burtsatse. Kayan sun shigo mana, amma lissafinsu bai biyo su ba. Sai mutum ya sayar da amfanin gonarsa ya sayi batir, a haɗa masa da siririyar waya, a ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa, kafin damina ta zagayo batir ya mutu, a ce jabu aka sayar masa. Sau da yawa batirin lafiyarsa ƙalau ya zo. Wannan asara tana damuna ƙwarai, domin lissafin da zai hana ta bai wuce ninkawa da rabawa ba, kuma kalkuletar wayar hannu ta isa.

Abubuwa huɗu ne za ka riƙe. Ka kawo a ranka tankin ruwa a sama da tiyo a jikinsa. Matsin da ke turo ruwan shi ne turin wuta, ana auna shi da bolt, alamarsa V. Yawan ruwan da ke bi ta cikin tiyo shi ne kwararar wuta, wadda masu gyara ke kira karan, ana auna ta da amfiya, a jikin kaya za ka ga A, a lissafi kuma I. Ƙuncin tiyon da ke hana ruwa wucewa shi ne turjiya, ana auna ta da om, alamarta Ω, a lissafi R. Aikin da wutar ke yi kuwa, haske ne ko zafi ko juya fanka, shi ne ƙarfi, ana auna shi da wat, W, a lissafi P.

Wani Bajamushe malamin lissafi, Georg Ohm, shi ya wallafa dangantakar ukun farko a 1827, kuma har gobe da ita ake aiki:

V = I × R
R = V ÷ I
I = V ÷ R

Na ƙarfi kuma: P = V × I.

Idan ka san biyu daga cikin huɗun, sauran biyun suna hannunka.

Mataki na farko: samo bolt da amfiya

Fara da karanta jikin kayan. Kusan kowane kayan wuta yana da ɗan rubutu a baya ko a gindi. Caja takan ce 5V 2A, fankar sola 12V 1.5A, dutsen guga 230V 1000W. Idan ka ga mA, raba da 1000 kafin ka yi komai: 500mA rabin amfiya ne, wato 0.5A. Nan ɗalibai da yawa suke tuntuɓe, amsarsu ta fito ninki dubu.

Idan rubutun ya goge, ko ba ka yarda da shi ba, sai maltimita, wato ƙaramar na'urar auna wuta. Ana samunta a layin masu kayan wuta a kasuwar Sabon Gari a Kano, kuma ko mai araha tana yin wannan aikin. Don auna bolt, sa baƙar wayar a ramin COM, jar a ramin da aka rubuta V. Murɗa zuwa V mai miƙaƙƙen layi idan batir ne ko sola, lamba 20 ta ishi batir mai bolt 12. Idan wutar NEPA ce ko janareta, murɗa zuwa V mai lanƙwasasshen layi, a lamba mafi girma. Ɗora jan tsinke a kan (+), baƙin a kan (−), ba tare da ka cire komai ba. Batirin gubar da ya cika ya huta yakan nuna 12.6 zuwa 12.7. Idan ya nuna wajen 12.1 ko 12.2, ya sha kusan rabi.

Auna amfiya daban yake, kuma nan ake ƙona maltimita. Dole wutar ta bi ta cikinta. Kashe kayan, mayar da jar wayar ramin da aka rubuta 10A, murɗa zuwa 10A, cire waya ɗaya daga kan batir, ka sa maltimitar ta cike gurbin: tsinke ɗaya a kan batir, ɗaya a bakin wayar da ka cire. Sannan ka kunna, ka karanta, ka kashe da wuri, don ramin ba ya jure daɗewa. Kada ka kuskura ka ɗora tsinken biyu a kan (+) da (−) na batir alhali jar waya tana ramin 10A. Wannan haɗa kai da kai ne, tartsatsi zai tashi, fiyus ya tafi, wani lokaci har hannu ya ƙone. Da ka gama, mayar da jar wayar ramin V nan take, kafin ka manta.

Abin da ya wuce amfiya 10, kamar imbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta NEPA, sai da maltimita mai baki irin na ƙaguwa, wadda ake maƙala wa waya ba tare da an yanke ta ba. Waya ɗaya tak ake maƙalawa, in ka haɗa biyu za ta nuna sifiri. Ka tambayi mai shago tun kafin ka biya ko tana auna wutar batir, don da yawa daga cikin masu araha wutar NEPA kaɗai suke aunawa. A kan wutar NEPA kuwa, shawarata ga wanda bai ƙware ba ita ce kada ya yanke waya don auna amfiya, ya yi amfani da mai bakin ko ya dogara da rubutun jikin kaya. Amfiya 0.03 kacal idan ta ratsa ƙirjin mutum tana iya zama ajali.

Mataki na biyu: fitar da turjiya da ƙarfi

A ce ka haɗa ƙwan fitilar mota da batir don haska rumfar shayi. Ka auna ka sami bolt 12, amfiya 4.5.

R = 12 ÷ 4.5 = om 2.67
P = 12 × 4.5 = wat 54

Shi ke nan. Ka duba gindin ƙwan, za ka ga an rubuta 55W, lissafinka ya yi daidai. Amma idan ka cire ƙwan ya huce ka auna shi kai tsaye a wurin Ω, abin da za ka gani bai kai rabin om ba. Maltimitarka ba ta lalace ba. Zaren cikin ƙwan idan ya yi zafi turjiyarsa tana ninkuwa wajen sau goma, shi ya sa irin wannan ƙwai ya fi mutuwa a daidai lokacin kunnawa, lokacin da zaren yake da sanyi wuta ta afka masa da yawa. Don haka turjiyar da ka samu ta hanyar raba bolt da amfiya ita ce ta lokacin aiki, kuma ita ta fi amfani.

In za ka auna turjiya kai tsaye, kayan ya zama babu wuta a jikinsa ko kaɗan, a cire shi daga soket ko batir. Ka fara haɗa tsinken biyu da juna, za su nuna wani ɗan abu kamar 0.3, wannan turjiyar wayoyin maltimitar ce, sai ka debe ta daga amsarka. Kada kuma ka riƙe ƙarfen tsinken da yatsunka, jikinka zai shiga lissafin.

Yanzu ta ɗaya ɓangaren, inda wat aka ba ka. Dutsen guga mai wat 1000 a wutar bolt 230, wadda ita ce ƙa'idar wutar gida a Najeriya:

I = 1000 ÷ 230 = amfiya 4.35
R = 230 ÷ 4.35 = om 52.9

Daga waɗancan ƙa'idojin ake fitar da wasu biyu masu gajarta hanya: P = V × V ÷ R, da kuma P = I × I × R. Ta farkon ita ke bayyana abin da mai wanki da guga yake gani idan wuta ta zo ba ƙarfi. Turjiyar dutsen tana nan a om 52.9. Idan wutar ta sauko bolt 180, sai ka ce 180 × 180 ÷ 52.9, ya ba ka wat 612. Bolt bai ragu da ko kashi ɗaya cikin huɗu ba, amma zafin ya zube da kusan kashi 40 cikin 100. Idan kuma janareta ya haura zuwa 250, dutsen zai ja wat 1181. Saboda bolt yana ninka kansa ne, ƙaramin canji a can babba ne a nan.

Mataki na uku: waya

Nan zan daɗe, domin nan kuɗin mutane yake zubewa. Waya ita ma tana da turjiya. Ta jan ƙarfe, ga yadda ake lissafa ta: ninka 0.0175 da tsawon wayar a mita, ka raba da lambar kaurinta, wato 1.5 ko 2.5 ko 6 ɗin nan da ke rubuce a jikin robar. Tsawon kuwa tafiya da dawowa ne. Idan tsakanin batir da kaya mita 10 ne, wuta tana bin mita 20.

A ce mai shagon caji a wani ƙauye gefen Gumel ya ajiye batirinsa a cikin gida don tsoron ɓarayi, ya ja waya mai lamba 1.5 zuwa shago a ƙofar gida, mita 10. Kayan shagon suna jan amfiya 10 a bolt 12, wato wat 120.

R na waya = 0.0175 × 20 ÷ 1.5 = om 0.233
Bolt ɗin da ya zube a hanya = 10 × 0.233 = 2.33
Ƙarfin da ya tafi a zafi = 10 × 10 × 0.233 = wat 23

Kusan kashi ɗaya cikin biyar na wutar da rana ta ba shi yana ƙarewa a ɗumama waya. Abin da ke isa shagon bai kai bolt 10 ba. Fitila ta dushe, caja ta riƙa yankewa, mai waya ya zo da magariba ya tarar ba ta cika ba. Ka taɓa wayar wutar da tsakar aiki za ka ji ta da ɗumi, robarta ta yi laushi. Da ya sa mai lamba 2.5, asarar wat 14 ce. Da mai lamba 6, turjiyar ta koma om 0.058, zubewar bolt 0.58, asarar ba ta kai wat 6 ba. Da mai lamba 10, wat 3.5. Masu haɗa sola sukan so zubewar ta tsaya tsakanin kashi 3 zuwa 5 cikin 100, wato kada ta wuce bolt 0.6 a tsarin bolt 12.

Me ya sa wannan waya mai 1.5 take aiki lafiya a gidan NEPA? Wat 120 ɗin nan a bolt 230 amfiya 0.52 kawai yake ja. Ninka 0.52 da kanta, ka ninka da 0.233, asarar ba ta kai wat ɗaya bisa goma ba. Mai haɗa wutar gida da ya saba da 1.5 da 2.5, idan ya zo aikin sola bai sake lissafi ba, zai cuci mai kaya ba da niyya ba. Amfiya ce ke ɗumama waya, kuma ninka kanta take yi: ka ninka ta biyu, zafi ya ninku huɗu.

Mafita mafi araha ita ce rage nisa. Batir ya matso kusa da kaya, a yi masa akwatin ƙarfe da kwaɗo da kafar shan iska. In nisan ya zama dole, a sa imbata kusa da batir, a ja wutar 230 zuwa nesa. In kayan suna da yawa, a koma tsarin bolt 24 da batir biyu a jere, amfiya ta ragu da rabi, asarar waya ta koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Akwai kuma wayar da ke cika kasuwa, alminiyum ce aka shafa mata jan ƙarfe a baya. Turjiyarta ta fi ta jan ƙarfe na gaske da wajen rabi ko sama da haka. Idan ka je saye, ka ce wa mai shago, "Alhaji, don Allah a ɗan yanko min bakinta in gani." Kankare zaren da reza. In cikinsa ya fito fari, ka san abin da ka riƙe. Ba ta kuma da nauyi a hannu kamar ta gaske.

Wayar da aka riga aka ja, ba sai ka tone ta ba. Kunna kayan duka, auna bolt a kan batir, ka je ka auna a bakin kayan. A ce ka sami 12.4 da 10.9, bambancin 1.5 ne. Idan amfiya 8 ke bi, turjiyar hanyar 1.5 ÷ 8 = om 0.19, kuma wat 12 ke salwanta.

Wurin da ya fi ba ni tsoro shi ne kan batir. Imbata mai ba da wat 1000 daga bolt 12 tana jan 1000 ÷ 12, amfiya 83, in ka ƙara abin da ita kanta take ci, ya haura 90. A ce kan batirin ya yi tsatsa, farin garin nan ya taru, ko an naɗa wayar da hannu ba a ɗaure da noti ba, har wurin ya sami turjiyar om 0.01 kacal. Lissafa: 90 × 90 × 0.01 = wat 81, duk a wuri ɗaya da bai fi kan yatsa ba. Haka roba ke narkewa, haka gobara ke tashi a ɗakin da akwai katifa da buhunan hatsi. A goge kan batir har ya yi ƙyalli, a matse bakin waya a cikin ƙarfen maɗauri, a ɗaure tam. A sa fiyus a wayar (+) dab da batir, wanda ya ɗan ɗara abin da kayan ke ja amma bai fi ƙarfin wayar ba: kayan amfiya 10, fiyus na 15. Kuma a cire zobe da agogon ƙarfe kafin a taɓa kan batir.

Mataki na huɗu: batir zai kai safe?

Wat idan ka ninka shi da awowi ya zama yawan wutar da aka sha, Wh. Dubu ɗaya daga cikinsa shi ne yunit ɗaya a mitar kati ta KEDCO. Batir mai 12V 100Ah (Ah amfiya ce sau awowi) yana ɗauke da 12 × 100 = 1200Wh. Amma batirin gubar, mai ruwa ne ko busasshe, in ana son ya yi shekaru ba a shan fiye da rabinsa, saboda haka 600Wh ne naka. Na litiyam yana jure a sha fiye da haka.

Koma shagon cajin. Fitila huɗu masu wat 5, awa biyar: 100Wh. Fanka mai 12V 1.5A, wat 18 ke nan, awa takwas a zafin bazara: 144Wh. Batirin wayar hannu mai 4000mAh a bolt 3.8 ya kai wajen 15Wh, ka ba shi 20 saboda abin da caja ke zubarwa, waya ashirin 400Wh. Jimla 644Wh. Ya riga ya haura 600, tun ba a sa asarar waya ba. Idan yawancin cajin da rana ake yi, faifan yana ɗauke wani nauyin. Idan kuwa da dare ake tara wayoyi, batirin nan kullum yana shan wahala, kuma ba zai daɗe ba.

Juya bayan faifan sola ka karanta. Mai wat 150 yakan nuna Vmp wajen 18V, Imp wajen 8.33A, wato bolt da amfiyar da yake bayarwa a cikakken ƙarfinsa, ka ninka su ka sami 150. To amma kwanturola, na'urar da ke tsakanin faifai da batir tana daidaita caji, in mai araha ce, irin wadda aka rubuta wa PWM, tana janyo faifan zuwa bolt ɗin batir. Idan batir yana kan 13.5, abin da ke shiga 13.5 × 8.33 ne, wat 112. A awa biyar na rana mai ƙarfi, wanda shi ne ƙiyasin da aka saba yi a arewa, 560Wh ke nan, bai biya 644 ba. Lambobin bayan faifan kuma an auna su ne yana kan zafin digiri 25, alhali a watan Afrilu a Haɗeja iska kanta tana kai 40, faifan da ke kan kwano ya fi haka nesa, kuma zafi yana rage masa bolt. Ƙurar hunturu ita kuma amfiya take ragewa. A goge shi da tsumma mai laushi da sassafe, a bar tazara tsakaninsa da kwano iska ta riƙa ratsawa. Mai wannan shago faifai biyu yake bukata, ko kwanturolar MPPT, wadda ba ta janyo faifan ƙasa haka, tare da rage kaya.

Inda lissafin ke bukatar gyara

Dutsen guga, hita da ƙwan fitila mai zare, bolt sau amfiya yana ba da wat ɗinsu kai tsaye. Kayan da ke da mota a ciki a wutar NEPA ko janareta, kamar firiza, injin markaɗe da famfon ban ruwa irin na manoman rani a Kura da Kadawa, nasu da ɗan ƙari. Famfo mai jan amfiya 5 a bolt 230 ya ba da 1150, amma wannan VA ne, wato bolt sau amfiya kawai, ba wat ba. Wat na gaske sai ka ninka da wata lamba da ake rubutawa PF ko cos φ a jikinsa, sau da yawa wajen 0.8, ya zama wat 920. Waya da janareta kuwa amfiya 5 ɗin za su ɗauka cif, don haka da VA ake zaɓen su. Janareta mai 2.5kVA a wannan lissafi wat 2000 ne. In an rubuta ƙarfin famfo da doki, HP, kowane doki wat 746 ne na aikin da yake fitarwa, abin da yake ja daga waya ya fi haka. Sannan a daƙiƙar tashi mota tana fizgar amfiya ninki uku zuwa shida, har fiye, shi ya sa firiza mai wat 150 take iya kashe imbata mai wat 500. Raba bolt da amfiya a irin waɗannan kaya ba zai ba ka turjiyar naɗin wayar cikinsu ba, wannan sai an kashe an auna a Ω.

Ga yaran da ke haɗa 'yan fitilu daga tsofaffin tocila kuma: farin ƙwan LED ƙarami yana son wajen bolt 3 da 20mA. In za ka ɗora shi a batir mai 12, bolt 9 ne suka yi rara, sai ka nemo abin turjiyar da zai shanye su. 9 ÷ 0.02 = om 450. Wanda ake samu kusa da shi shi ne 470, mai zoben rawaya, shunayya da ruwan ƙasa. Zafin da zai ɗauka 9 × 0.02 ne, wat 0.18, don haka ƙaramin nan mai kwatan wat ya isa. In ka jera ƙwai uku a layi ɗaya, sun cinye bolt 9, saura 3, sai 3 ÷ 0.02 = om 150, ka sami haske ninki uku da amfiyar da ƙwai ɗaya yake sha. Doguwar ƙafar ƙwan ita ke fuskantar (+).